Ina matsa wa doki ya shiga ƙaramar sukuwa sai ya ƙara sassarfa kawai, ina matsalar take?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kace wata uku kenan kana koyon hawa a nan Jos, tafiya da sassarfa ka fara samun kansu, amma duk sanda mai koya maka yace ka sa doki ya shiga ƙaramar sukuwa, wadda 'yan polo suke ce wa kanta, sai dokin ya ƙara saurin sassarfa kawai, kai kuma kayi ta jijjiga a kan sirdi har likkafa ta kuɓuce maka, ƙarshenta ka ja linzami ka tsaya ranka a ɓace. Sau ɗaya da ya shiga kuma aka ce maka ba da ƙafar da ta dace ya shiga ba. Shi ne kake tambaya ko dokin ne mai taurin kai, ko kuwa ƙaimi zaka saya.

Dan Allah kar ka sayi ƙaimi. Ƙafar da bata gama zama wuri ɗaya ba in aka ɗaura mata ƙaimi, cakar dokin zata yi ta yi ba tare da mai ita ya sani ba, kuma ranar da dokin ya gaji ya zabura kai ne a ƙasa. Ban ga dokin ba amma daga yadda ka bada labarin kusan na tabbata ba ƙin ka yake yi ba, abin da kake gaya masa shi yake yi. Ƙafarka tana cewa tafi, hannunka yana cewa tsaya, jikinka ya kife a kan kafaɗunsa, toh shi kuma sai ya zaɓi abin da zai raba gardama, wato ya ƙara sauri a cikin sassarfar da yake ciki.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, ƙaramar sukuwa ba sassarfa mai sauri bace. Taku ne daban gaba ɗaya. In kana tuƙa mashin ka san bambancin murɗa totur da canja giya, ko ka murɗe totur har ƙarshe in baka canja giya ba ƙara kawai injin zai yi. Kai totur kake ta murɗawa. Doki a tafiya bugu huɗu yake yi, kowace ƙafa da nata lokacin, wajen kilomita 6 zuwa 7 a awa. A sassarfa bugu biyu ne, ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su sauka tare, sannan ɗaya ɓangaren, wajen kilomita 13 a awa, shi ya sa take jijjiga mutum sama da ƙasa. Ƙaramar sukuwa bugu uku ce sai ɗan shiru, ka saurara da kunnenka in doki ya wuce ka a busasshiyar ƙasa, kamar luguden mata uku a turmi ɗaya, ɗaya biyu uku, shiru, ɗaya biyu uku, shiru. Wannan shirun lokacin ne ƙafafu huɗun duk suke sama. Gudunta daga kilomita 16 ne zuwa wajen 27 a awa, kaga kenan doki mai zafin sassarfa zai iya kusan kamo doki mai ƙaramar sukuwa a natse, don haka ba maganar sauri ake ba sam. Babbar sukuwa irin ta filin tsere ko ta jahi ita kuma bugu huɗu ce, tana haura kilomita 40 a awa, wannan ba yanzu ba.

Yanzu ka bi ni a hankali don nan ne sirrin yake. Mu ɗauka kana zagaye ta hannun hagu, wato hagunka ne yake kallon tsakiyar fili, shi muke kira ciki, damanka kuma waje. Bugun farko na ƙaramar sukuwa daga ƙafar baya ta dama yake fitowa, ta waje kenan, ita take shiga ƙarƙashin cikinsa ta ɗauki nauyin doki da naka ita kaɗai ta tura. Bugu na biyu ƙafar baya ta hagu da ta gaba ta dama su sauka tare. Na uku ƙafar gaba ta hagu ta miƙe can gaba ta sauka ita kaɗai, ita ce ake cewa tana jan gaba. In ta dama kake zagayawa sai ka juya komai. Mutane ƙafar gaba suke kallo don ita ido yake gani, amma tashin daga baya yake, kuma shi ya sa ake ce maka ka ja ƙafarka ta waje baya kaɗan, ba don ado bane, magana kake yi da waccan ƙafar tasa ta baya kana ce mata ke zaki fara. In ka daki haƙarƙarinsa da dugaduganka biyu a lokaci ɗaya a wuri ɗaya, ai wannan ita ce siginar da ka saba ba shi ta ƙara sauri, toh don me zai yi wani abu daban.

Bari in gaya maka abin da nake gani kusan kullum in na tsaya a tsakiyar fili ina kallon mai koyo. Da zarar nace shirya, kafin ma ya taɓa dokin, numfashinsa ya tsaya. Ido ya sauka kan geza. Kafaɗu su zo gaba, mazauni ya ɗaga daga sirdi, gwiwoyi su damƙe, da gwiwa ta damƙe kuma dunduniya dole ta tashi sama, shi ne likkafa take zamewa, ba wai igiyarta tayi tsawo bane kamar yadda yawancinsu suke zato. Hannu biyu kuma su dawo wajen cibiya da linzami a ɗaure tam. Shi bai san yayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, in ka tambaye shi rantsuwa zai yi maka cewa a zaune yake daram. Ka dubi dokin kuma, kunne ɗaya ya juyo baya yana saurare, wuya ya sandare, kai ya ɗaga, taku ya gajarce yana ta sauri sauri kamar mai tafiya a kan garwashi. Dama can doki gabansa ya fi bayansa ɗaukar nauyi, kai kuma ka zo ka ƙara masa naka a kan kafaɗa a daidai lokacin da yake bukatar ya ɗaga gaban nan sama. Ka gwada tashi tsaye wani ya danne maka wuya ka ji.

Ba tsoro nake zarginka da shi ba, kowa da haka ya fara, jiki ne yake kare kansa. Maganinsa ka gani da idonka. A 1878 sai da wani mai ɗaukar hoto a Amurka, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a bakin hanyar doki kafin mutane su ga yadda ƙafafun suke tashi da sauka, yau kuwa wayar da take aljihunka ta isa. Ba wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, ka kalla a hankali, ka dubi kafaɗarka da hannunka a daƙiƙa biyun nan kafin ka nemi tashin. Zaka sha mamaki.

Kafin ma a je ga neman, ka auna kanka tsakaninka da Allah. Zaka iya zama a sirdi cikin sassarfa, ba tashi da zaman nan da ake yi ana bin takun doki ba, zama sosai, kayi zagaye ɗaya baka riƙe linzami don kar ka faɗi ba? Zaka iya cire ƙafa daga likkafa a tafiya ka mayar baka duba ƙasa ba? In ka nemi ya tsaya yana tsayawa? In amsar a'a ce toh ka ƙara sati biyu ko uku a nan, babu abin kunya, wata uku ba wani dogon lokaci bane a harkar doki musamman in sau ɗaya ko biyu kake hawa a sati. Kuma abin da na fi so ga duk mai koyo shi ne karon farko a sa dokin a doguwar igiya, mai koyarwa ya tsaya a tsakiya yana zagaya da shi a da'ira mai faɗin kamar mita 20, shi zai tada dokin da murya, kai aikinka kawai ka zauna ka ji yadda abin yake. Wanda bai taɓa jin bugun nan uku a ƙugunsa ba yana neman abin da bai san kamanninsa bane.

Toh ga yadda ake nema. Ka samu sassarfa mai kyau tukuna, mai rai amma ba mai gaggawa ba, irin wadda kake ji in ka ɗan matsa zai ba ka ƙari nan take. Doki mai jan ƙafa kamar bai karya ba bazai tashi ba, wanda yake ta gudu a sassarfa shi ma bazai tashi da kyau ba. Ka nufi kwana, ko ka hau da'ira, don lanƙwasar da jikinsa yake yi a kwana ita da kanta take taimaka masa ya ɗauki ƙafar da ta dace, kar ka nema a miƙaƙƙen layi yanzu. Saura taku uku ko huɗu ka shiga kwanar sai ka daina tashi da zama, ka zauna, ka miƙe bayanka kamar an ja ka da zare daga tsakar ka, ido can inda zaka, ba kan wuyan doki ba. Ka ɗan matse linzamin waje da yatsu ka saki, kamar mai matse soso, ba ja ba, wannan shi ne kama kulocinka, kana ce masa saurara akwai magana. Linzamin ciki kuma ɗan kaɗan, iyakar ka hango gefen idonsa na ciki, in ka ga duk fuskarsa ka wuce gona da iri. Ƙafarka ta ciki tana nan a kan majayi inda take. Ta waje ka zame da ita baya kamar faɗin tafin hannu, daga ƙugu zaka ja ta ba wai ka naɗe gwiwa ka ɗaga dunduniya sama ba. Da kayi haka zaka ji ƙugunka na ciki ya ɗan shige gaba da kansa, haka ake so. Sai ka matsa da sharaɓa, ka haɗa da murya in dokin ya saba da ita, ka fitar da numfashi, sannan abin da ya fi komai, ka bar hannunka ya bi shi gaba.

Duk wannan dogon bayanin a aikace bai wuce daƙiƙa biyu ba. Shiri ne yake da tsawo, neman kansa gajere ne, sau ɗaya, a fili.

Ka roƙi ɗan barga ya ɗaura maka tsohuwar igiyar likkafa a wuyan dokin, ka saƙala yatsu biyu a ciki tare da linzami, in babu ka kama geza, baya jin zafinta kamar yadda kake tsammani. Takun farko yana zuwa da ɗan tsalle, gaban doki ya ɗago kamar kwale-kwale ya hau igiyar ruwa, kuma a nan ne hannu yake neman abin kamawa. Gara ya kama igiyar wuya da ya kama bakin doki.

In ka nema bai tashi ba ya shiga wannan saurin nasa, kar ka bi shi da duka kana fatan zai faɗa ciki. Wani lokacin yana faɗawa ɗin, amma a hargitse, kai ma a hargitse, kuma ka koya masa cewa haka ake yi. Dawo da shi sassarfa mai natsuwa, ko da zai ɗauke ka zagaye guda, ka gyara zamanka, ka jira kwana ta gaba ka sake. Sau biyar ma in ta kama. In mai koya maka ya tabbatar siginarka daidai take hannunka kuma a sake yake, dokin ne kawai ya raina ƙafarka, irin tsofaffin dawakan koyo da suka ga yara iri iri, toh a nan bulala take da amfani, taɓi ɗaya a bayan ƙafarka nan take bayan ka matsa, ba a kafaɗa ba, ba a kai ba, ba kuma bayan an wuce wurin don huce haushi ba. Ni na fi so ma a farko mai koyarwa ya taimaka daga ƙasa, don mai koyo in ya kai hannu baya da bulala yawanci sai ya fizgi linzami.

Zan daɗe a kan maganar hannu don ita ce ta taɓa ci na. Ina saurayi akwai wani kili da nake hawa, doki mai hankali, da linzamin gargajiya a bakinsa, irin mai tudu a tsakiya da zoben ƙarfe da yake zagayo haɓa. Na matsa masa ya tashi lafiya lau, tashin ne ya tsorata ni na fizgo da hannu biyu da dukkan ƙarfina. Kansa ya yi sama, baki a wangame, ya ja birki har na dawo kan wuyansa. Da muka koma barga na ga kumfar bakinsa ta yi ja. Dattijon da yake kula da dawakan bai yi min faɗa ba, hannuna ya kama ya sa yatsana a gefen bakin dokin, wurin nan da babu haƙori tsakanin haƙoran gaba da turame, yace in danna in ji. Fata ce siririya a kan ƙashi, ba tsoka ko kaɗan, kuma a nan ƙarfen yake kwanciya. Wallahi har yau in na ga mai koyo ya fizgi linzami yatsan nan nawa nake tunawa. Dokin nan ya daɗe bayan haka duk wanda ya nemi ya tashi sai ya watsa kai sama tukuna, yana jiran zafin. Kaga abin da na koya masa a rana ɗaya, cewa in yayi biyayya za a hukunta shi. Don haka ka duba abin da yake bakin dokin da kake koyo a kai. Mai koyo linzami mai sauƙi ya kamace shi, mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe. Na gargajiya na gwanaye ne masu riƙe shi da yatsa biyu a sake, a hannunsu ado ne, a hannun mai koyo wuƙa ce. Kuma ka sani a ƙaramar sukuwa kan doki yana sunkuyawa yana ɗagowa da kowane taku, ba kamar sassarfa da yake tsaye wuri ɗaya ba, dole gwiwar hannunka ta riƙa buɗewa tana rufewa tana bin sa, in ta sandare duk taku sai ya ci karo da ƙarfe, taku uku zai koma sassarfa kace ya ƙi.

Sai kuma abin da littafi bazai gaya maka ba, wane irin doki ne kuma wa ya hore shi. Siginar da na bayyana maka ita ce ta makarantar hawa, amma doki ba da ita aka haife shi ba, abin da aka koya masa ya sani. Dokin polo da hannu ɗaya ake sarrafa shi, na hagu, tunda doka ce sanda a hannun dama take, ana juya shi ne da jingina masa linzami a wuya, kuma da yawansu basu saba da doguwar sassarfa ba, daga tafiya suke tashi kai tsaye da an ɗan ɗaga hannu an matsa. Irin waɗannan, musamman na Ajantina da ake shigowa da su, ko motsin ƙugunka ya ishe su, in ka daka musu dunduniya sai dai ka ga filin yana wucewa. Dokin hawan sallah kuma tarbiyyarsa daban, taƙama ya sani, da zabura daga tsaye, da zamiya a gaban sarki, ba lallai wani ya taɓa neman ƙaramar sukuwa a natse a wurinsa ba, in ka sakar masa abin da ya sani zai ba ka. Namu na Arewa da na Sudan suna da juriya da wayo, amma kowanne da hannun da ya bi ta kansa. Kar ka ji nauyin zuwa wurin ɗan bargan da yake kilisa da shi kullum da asuba, ka gaishe shi da mutunci ka tambaye shi, malam yaya kake tada shi? Wani zai ce maka tsotsar leɓe kawai yake jira, wani yace sai ka ɗan saki linzami tukuna. Mutanen nan sun fi mai dokin sanin dokin, kuma in ka girmama su zasu nuna maka abin da kuɗi bazai saya maka ba.

Maganar shiga da ƙafar da bata dace ba, ma'anarta kana zagaye hagu shi kuma ƙafar dama ce take jan gaba. Ba wani bala'i bane a miƙaƙƙiyar hanya, amma a kwana zaka ji kamar mota tana neman kifewa waje, kuma a ƙasa mai santsi yana iya kawo tuntuɓe. Yadda zaka gane, ka saci kallon kafaɗunsa da ido kawai ba tare da ka sunkuya ba, ta ciki ya kamata ta riƙa wuce ta waje. In ba haka ba ka dawo sassarfa ka sake nema a kwana. Abin da ya fi jawo shi leƙe ne, mutum ya karkata ciki yana duba ƙafa tun kafin a tashi, ko ya janyo kan dokin ciki da yawa har kafaɗar waje ta fice. Akwai kuma wanda gaba na kan ƙafa ɗaya baya na kan ɗaya, wannan zaka ji sirdi yana murɗa ka kamar ana wanki da kai, shi ma saukowa ake a sake. Kusan kowane doki yana da ɓangaren da ya fi masa sauƙi kamar yadda muke da bahago da badame, ka fara da mai sauƙin.

In ya tashi kuma kar kayi zari. Taku shida zuwa goma ya isa a ranar farko. Ka bar ƙugunka ya bi sirdin daga baya zuwa gaba kamar kana kan lilo, kafaɗa a tsaye, cinya a sake, nauyi ya zuba cikin dunduniya, ƙafar waje ta ci gaba da zama a ɗan bayan nan, ta ciki tana tuna masa duk taku in ka ji zai koma sassarfa. Ka ƙirga da baki da ƙarfi, ɗaya biyu uku, wanda yake ƙirga dole yayi numfashi. Kuma kai zaka sauko da shi, kar ka jira ya sauko don kansa, ka miƙe, ka mayar da ƙafar waje kan majayi, ka rufe yatsu a hankali, da ya faɗa sassarfa ka koma tashi da zama nan take don takun farkon nan manya ne suna da jifa. Sai ka shafa wuyansa. Yana gane wannan fiye da yadda kake zato.

Akwai lokacin da ba laifinka bane ba kuma halin doki bane, ciwo ne. In gwani ya hau shi ma ya ƙi tashi, ko yana tashi ta ɓangare ɗaya kawai, ko yana kwantar da kunne yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, yana tutsu duk sanda aka nema, toh a sauke sirdi a duba. Bi gadon bayansa da tafin hannu ka ga ko zai lanƙwashe, duba wurin majayi ko akwai gyambo ko gashi ya tuje, ɗaga kofato huɗun a ga ko tsakuwa ta maƙale ko ƙasan ya ruɓe, a duba haƙora don turamensu suna yin kaifi su yanki kumatu. Sirdi ɗaya da ake yawo da shi a kan dawaki biyar yana cikin abin da ya fi lalata bayan doki a wurinmu. Mu a Filato ba mu da uzurin rashin likitan dabbobi, ga Vom nan kusa da mu da cibiyar binciken lafiyar dabbobi tun 1924. Dukan doki mai ciwo don ya tashi zalunci ne, kuma dabba ce da bata da bakin faɗa.

Ka yi la'akari da garinmu ma. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kai ma ka san shi, doki in ya kwana a ɗaure ya ci dusa da harawa ya fito cikin wannan iskar da safe jikinsa a cike yake, abin da zai yi da matsa ɗaya a watan Maris zai yi ninkinsa a lokacin. Ba shi minti 10 zuwa 15 na tafiya da sassarfa kafin ka nemi komai, in da hali ma wani ya fara kilisa da shi. Da rani jar ƙasar nan tana bushewa ta zama kamar siminti ga tsakuwa, da damina kuma ciyawa santsi, musamman a kwana inda kake neman tashin, don haka ka taka wurin da ƙafarka ka gani tukuna. Ban da kan kwalta ko kusa da titi. Ban da neman tashi kana fuskantar barga ko kana bin bayan wasu dawakai da suka riga suka zabura, nan ba kai zaka tada shi ba kuma ba kai zaka tsayar da shi ba. Hular kwano ta hawa a ɗaure a haɓa, ko da abokai zasu yi dariya, da takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya don kar ƙafa ta zurma cikin likkafa, silifas da takalmin ƙwallo a bar su a gida.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ga abin da nake so kayi. Ka je da wuri ka samu ɗan bargan ka tambaye shi yadda dokin yake tashi da ɓangaren da ya fi so. A ɗaura igiyar wuya. Ka roƙi mai koya maka ya sa ka a doguwar igiya ya tada maka shi sau biyu ko uku kana riƙe da igiyar wuyan kana ƙirgawa, sannan a karo na huɗu yayi shiru kai ka nema da ƙafarka. A ɗauki bidiyon daga gefe, in ka samu dama ka turo min in gani, ka gaya min kuma wane irin linzami ne a bakinsa. Allah ya tsare, ya bada sa'a.